Ɗorawar Kan Iyaka

Ranar da Kausar ta fara ganin Zaharaddeen, manja da daddawa kakarta ta aike ta saye a kasuwar Kafur. Ta saya, har ta nufi bakin titi neman mai babur da zai mai da ita Gozaki, sai ta ga mutane sun yi cincirindo a bayan rumfunan hatsi.

Ta ɗauka masu tallar magani ne. Ashe mutum uku ne a cikin wata da'ira da aka zana da toka. Ba dandamali, ba labule, ba kayan ado. Wani ƙato ya tsaya ƙiƙam ya ware hannuwa, wai shi ne ƙofar gida. Wata budurwa tana ta daka a turmin da babu shi. Na ukun, dogo siriri mai shuɗiyar riga, shi ne manomin da shanu suka yi wa ɓarna, ya ɗauko sanda zai nufi ruga a fusace.

Yana kaiwa bakin da'irar ya ja ya tsaya. Ya dawo tsakiya ya ajiye sandar a ƙasa.

"Jama'a, mu nan saninmu ya ƙare," in ji shi. "Ba ma rubuta ƙarshen wasa. Wanda ya san yadda ya kamata a ƙare, ya shigo ya ɗauki sandar nan."

Mutane suka tsaya kallon juna. Kausar kuwa bakinta ba ya iya riƙe magana, tun tana ƙarama haka take.

"Ai kun manta da matarsa!" ta ce daga can baya. "Tun ɗazu baiwar Allah take daka, ba wanda ya tambaye ta. Ita ce mai sayen nono a rugar. Ku bari ita ta fara zuwa mana."

Aka kwashe da dariya. Dogon bai yi dariya ba. Ya ɗaga kai yana neman mai maganar, da idonsa ya faɗa cikin nata sai ya manta yana cikin wasa, har sai da ƙofar gida ta zungure shi.

Ta kusa hawa babur sai ga dogon ya iso yana haki.

"Malama, kin gyara mana wasa kuma za ki tafi ba sallama?"

"Manja ne a hannuna, kakata tana jira."

"To Allah ya ja kwanan kaka. Sunana Zaharaddeen. Ina koyarwa a sakandare a Malumfashi. Wancan ƙofar sunansa Mati, mai dakan kuma Rashida, ma'aikaciyar jinya ce. Labaran mutane muke tarawa mu mayar musu da su. Amma mu maza ba ma shiga gidaje, Rashida kuma ba ta da lokaci. Rabin labari kawai muke ji."

"Na ga alama," ta ce, ta hau babur.

Sai da suka wuce gonaki uku ta lura ta ba shi lambarta, kuma ta bar ƙullin daddawar a hannunsa.

Haka Kausar, malamar aji huɗu a firamaren Gozaki, ta zama ta huɗu a ƙungiyar da suke kira 'Yan Da'ira. Ita ce mai shiga gidaje ta zauna da mata ana tsinkar zogale ana ba ta labari. Mahaifinta, Malam Sada, ya yarda da wannan da sharaɗi guda: kada ƙafarta ta taka cikin da'irar. Don haka a gefe take zama da faifai. In ta zuba tsabar dawa a ciki tana juyawa, sai ka rantse ruwa ake yi. Daga nan Zaharaddeen ya raɗa mata suna, da shi yake buɗe saƙonninsa na waya.

"Daminata, an tashi lafiya? Yau ɗalibai sun tambaye ni me ya sa nake murmushi ga allo. Na ce alli ne mai kyau."

Ta amsa: "Sarkin 'yan ƙarya. Ka mayar mini da daddawar kakata tukun."

"Ba zan mayar ba. Ita ce hujjata ta zuwa Gozaki."

Ya kuwa zo, ranar wata Juma'a bayan la'asar, da ƙullin daddawa sabo da sabulu na Iya Tsohuwa, kakar Kausar. Tsohuwar ta ƙare masa kallo sama da ƙasa ta ce, "Wannan ai ni ya dace da ni. Ke jeki nemi naki." Tun daga ranar suka ƙulla.

Malam Sada ne bai ƙulla da shi ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, manomin masara da waken suya, wanda in ya ce a'a sau ɗaya ba ya maimaitawa. Da maganar ta kai kunnensa ya kira 'yarsa zaure.

"Ba zan zaɓa miki miji ba, Kausar. Amma mutumin da zai iya kuka ba a mutu ba, ya yi fushi ba a taɓa shi ba, da me zan gane gaskiyarsa? Ga Talha can yana ta aike. Shi aƙalla na san abin da yake sayarwa."

Talha mai shagon iri da maganin feshi ne a Funtua. Ba mugu ba ne, sai dai in ya zo zance, rabin hirar farashin taki ne, rabin kuma motarsa. Kausar takan zauna ta saurara cikin ladabi, hankalinta yana Malumfashi.

Ta ce wa Zaharaddeen ya yi haƙuri, Baba zai sauko. Da ma sun bi a hankali da ya sauko ɗin. Sai labarin ɗorawa ya shigo tsakani.

Iya Tsohuwa ce ta ba da shi, wata rana suna ɓarar gyaɗa.

"Ke mai kwasar labarin mutane, ga wani. A wani gari can wajen Danja aka yi wa da ƙane. Ubansu ya bar musu gona, aka raba, da wata ɗorawa da ya shuka a kan iyaka. Wata shekara aka yi rasuwa a gidan ƙanen. Ana cikin zaman makoki, ko kwana uku ba a yi ba, wan ya ɗauki gatari ya je ya sare ɗorawar nan. Ƙanen ya tare shi a gaban mutane ya ce, daga yau ba ni da wa. Shi ke nan. Har yau ba sa ga maciji."

"Me ya sa ya sare ta, Iya?"

"Oho. Ni ma da na sani."

Kausar ta san Baba da ƙanensa, Baba Sanda, ba sa magana tun kafin a haife ta. Gidajensu katanga ɗaya ce ta raba, amma ko a masallaci kowa da gefensa. Ba a taɓa gaya mata dalili ba, kuma a gidansu ba a tambaya. Ya kamata ta gane, wallahi ya kamata. Iya ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari, don alkunya, to ta yaya za ta ba da labarinsa in ba ta ce wani mutum a wani gari ba? Amma murnar samun labari mai kyau ta rufe mata ido.

'Yan Da'ira suna da hanyar aikinsu. In labari ya zo da giɓi, sukan tashi tsaye su gwada, duk abin da ya zauna a jiki shi ke nan. Mati ya zama ɗorawa. Rashida ta zama ƙane, da hula a bisa ɗankwali. Zaharaddeen ya ɗauki gatari, ya zagaya itacen, sai ya fara auna inuwarsa da ƙafa: taku ɗaya, taku biyu, har goma, yana lashe baki yana lissafin masarar da za ta fito a wurin.

"Kai, wannan ya zauna!" in ji Mati. Kowa ya yarda kwaɗayin ƙasa ne. Har da Kausar, ta tafa.

Suka yi wasan a kasuwar Kafur ranar da ta cika maƙil. Tun kafin gatari ya sauka, Kausar ta ga wasu dattawan Gozaki suna kallon juna. Wani ya ce a hankali, amma ta ji, "Wannan ai Sada ne da Sanda." Faifan ya suɓuce daga hannunta, dawa ta watse a ƙasa.

Talha yana wurin, ya ɗauki komai a waya. Kafin la'asar ya kai wa Malam Sada, wai don kada ya ji a bakin wasu.

Malam Sada ya kalli bidiyon har ƙarshe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Ke kika ɗauki asirin gidan ubanki kika kai kasuwa. Shi kuma ya auna ni da ƙafa." Ya juya ga Talha ya ce, "Kai ma na gode. Amma mai saurin kawo irin wannan, ba na son ganinsa a zaurena." A rana ɗaya Kausar ta rasa masu zuwa zance biyu, ɗaya ne kawai ya dame ta.

Saƙo ya shigo. "Daminata, wallahi ban sani ba."

Ta rubuta: "Ni ma ban sani ba. Amma ni na kawo labari, kai ka ƙara masa kwaɗayi. Ubana ne ka sa yana lashe baki a gaban kasuwa. Kada ka sake kirana."

Ya bi maganarta, bai sake kira ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Damina ta ja baya. Masara ta bushe a kara, aka fara karya. Kausar tana zuwa makaranta tana dawowa kamar wadda aka aika. Duk mai shuɗiyar riga da ta hango a kan babur sai ta bi shi da kallo. Ta daina taɓa faifai. In an ce ta yi shiƙa sai ta ce kanta ke ciwo, don ƙarar tsabar tana tuna mata muryarsa. Tana kewarsa, kewa mai tsanani, kuma tana jin haushin kanta da take kewar wanda ya kunyata ubanta. Baba kuwa ya daina zuwa kasuwar Kafur. Ya rame. In ta kai masa abinci ya ce ta ajiye, ba ya ɗaga ido.

Sau biyu Zaharaddeen yana zuwa ba da haƙuri, sau biyu yana tsayuwa a ƙofar zaure har rana ta karkata ba a ce ya shigo ba. Kausar tana leƙensa ta kafar katanga. Ya ƙara tsawo don rama. Ta so ta aika masa ko da ruwa ne, ba hali.

Bayan mako shida saƙonsa ya shigo da hantsi, tana cikin aji.

"Na san kin ce kada in kira, ban kira ba, rubutu ne. Mun daina wasa. Na zauna na duba, shekara biyar muna cika giɓin labaran mutane da abin da ya yi mana daɗi, ba wanda ya taɓa kama mu sai yanzu. Kin yi gaskiya. Ba na roƙon ki dawo. Ina dai so ki sani ko yayyafi aka yi sai na fita waje."

Ta karanta sau huɗu, ta ba yara aikin lissafi, ta fita bayan aji ta yi kukanta.

Da ta koma gida ta samu Iya Tsohuwa a ɗaki.

"Iya, kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani sarai. Shekara ashirin da shida ina dafa tuwo ina rabawa gida biyu. Na gaji, 'yar nan. Na ji kin ce a wasanku mutane ke shiga su ƙarasa, na ce ko Allah zai sa ɗayansu ya shiga. Ban san angon nawa zai ƙara gishiri ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ki rubuta masa. Ni na ba da labari, a ƙofar ɗakina za a ƙare shi. Wancan na cikin gida da Sanda kuwa, ni na haife su, in na kira za su zo."

Kausar ta ɗauki waya ta rubuta: "Iya ta ce ku zo ranar Asabar bayan la'asar, da toka da gatari. Ni ban ce komai ba."

Amsa ta zo nan take: "Ko ba ki ce komai ba, na ji."

Ranar Asabar aka zana da'ira a filin da ake sussuka, gaban gidajen biyu. Mutanen unguwa suka taru. Iya Tsohuwa ta zauna a kujera 'yar tsugunne. Malam Sada ya zauna a gabas fuska a murtuke, Baba Sanda a yamma yana kallon ƙasa. Kausar ta ɗauki faifanta. Da ta haɗa ido da Zaharaddeen sai ta ji kamar ta ajiye wani kaya da ta daɗe tana ɗauke da shi.

Mati ya tsaya ya zama ɗorawa. Aka raba gona. Aka yi rasuwa, Rashida ta zauna makoki. Zaharaddeen ya ɗauki gatari ya nufi itacen, ya ɗaga. Kowa yana jiran ya fara auna ƙasa.

Bai auna ba. Ya sauke gatarin, ya juyo ga mutane da muryarsa ta kullum.

"Jama'a, a Kafur na yi ƙarya a daidai nan. Ban san abin da ya sa mutumin nan ya sare itacen nan ba. Na ƙirƙira, na ɗora masa, don a tafa mini. Ina neman gafararsa a gabanku. Mu nan saninmu ya ƙare."

Ya ajiye gatarin a tsakiya ya fita daga da'irar.

Gatarin yana nan a ƙasa, ba wanda ya taɓa shi. Hannuwan Mati har sun fara karkarwa a sama. Kausar ta sunkuyar da kai tana roƙon Allah a zuci. Sai ta ji motsin takalmi.

Malam Sada ne. Ya tsallake tokar, ya sunkuya ya ɗauki gatarin. Bai kalli kowa ba sai Mati.

"Ba nan reshen yake ba," ya ce. "Sauke wannan hannun. Ɗaga wancan. Haka. Busasshe ne. Na gan shi tun da rani, na ce zan cire, na yi ta cewa gobe." Ya nuna ƙasan reshen. "Zakiyya tana tsintar ɗorawa a ƙarƙashi ya karyo a kanta. Shekararta shida. 'Yar ƙanena ce, ita kaɗai Allah ya ba shi mace."

Wata mata ta yi salati. Kausar ba ta taɓa jin sunan ba.

"Na ce yaya Sanda zai riƙa zuwa gona kullum yana ganin itacen nan? Na je na sare shi don kada ya gani. Wurin kuwa har yau ban shuka ko ƙwaya ɗaya ba, ku je ku duba, ciyawa ce."

Baba Sanda ya miƙe.

"Yaya, me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa in ce me? In ce na ga reshen na bari? Da ka ce ba ka da wa, sai na ga gaskiyarka."

"Ni ma na ga reshen nan, Yaya," in ji Baba Sanda. "Ni ma gobe na yi ta cewa."

Ya shiga da'irar. Ba su rungumi juna ba, ba irinsu ba ne. Ƙanen ya durƙusa, wan ya kama hannunsa ya ɗaga shi, suka tsaya riƙe da juna suna zubar da hawaye kamar yara. Iya Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Mati, ɗorawar Allah, yana tsaye hannu a sama yana sharɓar kuka, ba wanda ya tuna ya ce ya sauke.

Da aka natsa, Malam Sada ya yafito Zaharaddeen. Ya zo ya tsuguna.

"Na ce ban san yadda zan gane gaskiyarka ba. Yau ka tsaya a gaban mutane ka ce ka yi ƙarya, ka ce ba ka sani ba. Ni shekara ashirin da shida na kasa." Ya dubi ƙanensa. "Amma maganar da ke ranka, ba ni za ka tambaya ba. A gidanmu uba ba ya ba da 'yarsa, ƙanensa ke bayarwa. Ni ba ni da 'ya. Ga ubanta nan, ku turo manyanku wurinsa."

Baba Sanda ya share ido da hannun riga. Kausar ta kife faifai a fuskarta ta ruga cikin gida.

Tana shiga ɗaki waya ta yi ƙara.

"Daminata. In kira?"

"Ka kira mana, sarkin 'yan gaskiya. Kusan wata biyu ina jira."

Bayan an gama kai amfanin gona gida aka ɗaura auren, ranar Asabar da hantsi, a ƙofar gidan Baba Sanda. Mati ya zo da babbar riga da ta yi masa kaɗan, Rashida tana cikin gida tana tsokanar amarya. Kausar tana ɗakin Iya, lulluɓe, hannuwa jawur da lalle, ta kasa kunne ga lasifika.

Liman ya tambayi waliyyin amarya. Aka ji Baba Sanda ya gyara murya sau biyu.

"Na ba da 'yata," ya ce, sai ya tsaya. Duk wanda ya san labarin ya san 'ya'ya biyu ne a bakinsa a lokacin. Malam Sada ya dafa kafaɗarsa. "Na ba da 'yata Kausar ga Zaharaddeen."

Aka shafa fatiha, guɗa ta tashi daga gidaje biyun a lokaci ɗaya.

Iya Tsohuwa ta kama hannun jikarta ta riƙe gam.

"Kin ƙwace mini miji, na yafe. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka. In abu ya shiga tsakaninku, ku faɗa wa juna tun ranar, kada ku ce gobe."

"Amin, Iya," in ji Kausar, tana kuka tana dariya.

A tsakar gida kuwa an ɗora tukunyar tuwo guda ɗaya, babba, kuma ranar ba a raba ta gida biyu ba.